Duwatsu masu aman wuta: akwai wani alheri a jikinsu, ko ɓarna ce zalla?

Uwar_Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masanan cikinmu. Duk sanda aka ambaci dutse mai aman wuta a labarai, abin da za ka ji shi ne an kwashe jama'a, gidaje sun ƙone, jirage sun daina tashi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da ƙura ta lafa sai mutanen su tattara komatsansu su koma gindin dutsen su sake gini. Ku duba Goma ta Kwango. Dutsen Nyiragongo ya malale wani sashe na birnin a 2002, ya sake amai a 2021 har bakin gari, kuma har yau birnin maƙil yake da jama'a. Me yake riƙe su? Akwai wani amfani ne da ba mu sani ba, ko rashin wurin zuwa ne kawai? Ni dai a ganina ɓarnar ta fi ƙarfin duk wani amfanin da za a kawo, amma ina so a fahimtar da ni.

Ɗan_Tauraro:
Wa alaikumus salam. Ƙasar noma ce, Hajiya. Ba a samun irinta a ko'ina.

Malamin_Kimiyya:
Gaskiyar Ɗan_Tauraro, amma bari in ɗan buɗe maganar. Ƙasa tana tsufa. A wuraren da ake zafi da ruwan sama mai yawa, shekara da shekaru ruwa yana wanke sinadaran da shuka take ci yana tafiya da su, har ƙasa ta zama sai dai kallo. Dutse mai aman wuta kuwa daga can cikin ƙasa yake ɗebo sabon abu ya watsa a sama. Tokarsa da narkakken dutsensa suna ɗauke da fotasiyam da kalsiyam da magnesiyam da ƙarfe da fosfaras. Idan suka rududduge sai su zama baƙar ƙasa mai laushi, mai riƙe danshi.

Misalin da ya fi gamsar da ni yana Indonesiya. Tsibirin Jawa cike yake da waɗannan duwatsu, kuma mutum sama da miliyan 150 ne suke zaune a kansa, fiye da rabin jama'ar ƙasar. Ga maƙwabcinsa Borniyo, ya ninka shi girma sau biyar ko fiye, ruwan sama bai yanke masa ba, amma jama'arsa ba su kama ƙafar na Jawa ba. Cikin manyan dalilan akwai cewa ƙasar Borniyo tsohuwa ce wankakkiya, babu dutsen da yake sabunta ta.

Kuma amfanin ba ya tsayawa a gindin dutsen. Baƙar ƙasar da Indiya take noman auduga a kanta daga tsohon narkakken dutse ta fito. Tsaunukan Habasha ma haka, kuma laka da kogin Nilu ya yi dubban shekaru yana kwasowa yana shimfiɗa wa manoman Masar, mafi yawanta daga can take.

Baƙon_Jawa:
Ni ganau ne a kan wannan. Na yi karatu a Yogyakarta, kullum da safe in gari ya yi garau kana hango dutsen Merapi yana fitar da ɗan hayaƙinsa. Idan ka hau hanyar da ta nufi dutsen, gonaki ne hawa-hawa, ba ka ganin ƙasa ko tafin hannu da aka bari. Inda ruwan ban-ruwa ya wadata har sau uku ake girbin shinkafa a shekara. Ka haura sama kaɗan sai kayan lambu da ciyawar shanu. Ka damƙi ƙasar a hannu, baƙa wuluk, tana wargajewa a yatsunka ba tare da ta manne ba.

Amma na ga ɗaya fuskar ma. Ina can dutsen Kelud ya yi amai a 2014. Yana da nisa da mu sosai, duk da haka muka wayi gari komai ya yi fari fat. Tokar ba irin ta itace ba ce, tana da kaifi, kana jin ta tana ƙaras-ƙaras a haƙora, ta shiga ido ta shiga injin babur. Kowa da takunkumi, ana ta sharar rufin gida. Mai gidan da nake haya, dattijo ne manomi, yana shara yana ce mini in bar ganin wahalar, gonarsa za ta ci moriyarta nan gaba. Mutumin da ya san Merapi ya kashe sama da mutum 300 a 2010 ke nan yake faɗin haka. Bayan kowane amai kuma, manyan motoci ne suke layi a kwazazzaban dutsen suna ɗibar yashin gini, don yashin yana da kyau ƙwarai.

Manomi_Gaskiya:
Ina so a yi hattara da yadda ake faɗin maganar nan, kada wani ya ɗauka toka na sauka amfanin gona na tashi. Sabuwar toka ba taki ba ce. In ta yi kauri binne shuka take yi, ta karya rassan itatuwa, in ruwa ya taɓa ta ta yi nauyin da zai rufta rufin ɗaki a kan masu shi. Wata tana zuwa da sinadarin fulorin da yake manne wa ciyawa, dabba ta ci ta mutu. A Aisland aman dutsen Laki na 1783 ya kashe mafi yawan tumakin ƙasar, yunwa ta biyo baya ta tafi da kusan mutum ɗaya cikin biyar.

Siririyar toka ce take shiga ƙasa da wuri ta yi amfani. Narkakken dutse kuwa, wanda ya daskare ya zama fa, a wuri mai ruwan sama sai an yi shekaru gommai kafin ya fara karɓar shuka, a busasshen wuri kuma ɗaruruwa ko fiye. Sannan ita kanta baƙar ƙasar tana da halinta, takan riƙe fosfaras ta hana shuka, sai manomi ya ƙara mata.

Uwar_Biyu:
To ka ga abin da nake nufi ke nan, Malam Manomi. Wanda gonarsa ta binne yau, shi ya yi asara. Jikansa ko tattaɓa-kunnensa ne zai ci daɗin ƙasar. Ta yaya za a ce wa mai asarar nan alheri ne ya same shi?

Malamin_Kimiyya:
Ba wanda zai ce masa haka, Hajiya. Sai dai shi ma gonar da ya yi shekara talatin yana ci, aman da ya binne ta wani kakansa ne ya gina ta. Yawancin duwatsun nan sukan yi shekaru masu yawa shiru, wasu ɗaruruwa. Manomi yana auna girbin da yake gani kowace shekara da haɗarin da wataƙila ba zai zo a rayuwarsa ba.

Injiniya_MB:
Duk kun tsaya a kan noma, alhali akwai amfanin da ba ya jiran amai ko kaɗan. A yankunan nan zafin cikin ƙasa yana kusa da sama. Ruwan sama ya tsiyaya ta tsagogin dutse ya isa wurin zafin, ya wuce ma'aunin tafasa nesa ba kusa ba, amma nauyin ƙasa ya danne shi. Sai a haƙa rijiya mai zurfin kilomita 2 zuwa 3, tururi ya taso da ƙarfi, a bi da shi ta bututu ya juya injin da yake ba da lantarki, sannan a mayar da ruwan ƙasa ya sake ɗaukar zafi.

A Larderello ta Italiya aka fara gwadawa a 1904. Kenya ta kunna tasharta ta farko a Olkaria a 1981, yau kusan kashi 40 cikin 100 na lantarkinta ko sama da haka daga tururin ƙasa yake. Na taɓa ziyartar filin lokacin wani kwas. Bututu ne manya suna ta lanƙwasa a cikin daji, jakunan dawa da raƙuman dawa suna kiwo a gefensu, warin ruɓaɓɓen ƙwai yana tashi, in aka buɗe sabuwar rijiya don gwaji kuwa ko na kusa da kai ba ka jin maganarsa. Abin da ya fi burge ni, ba ruwan tashar da dare ko rana, ba ruwanta da fari. Shekarar da ruwan madatsai ya ja baya, ita tana nan tana aiki.

Aisland kuma gida tara cikin goma da ruwan zafin ƙasa ake ɗumama su. Ƙasar da take bakin ƙanƙara, amma tana noman tumatir a gidajen gilashi.

Gimbiya22:
Injiniya don Allah, wannan haƙar ba tsokanar dutsen ba ce? In aka huda shi ba zai fashe ba?

Injiniya_MB:
A'a ƙanwata. Rijiyar ba ta kai faɗin ganga ba, abin da yake tayar da dutse kuwa motsi ne na narkakken dutse mai girman gari guda. A 2009 masu haƙa a Krafla ta Aisland sun ci karo da narkakken dutsen kansa a zurfin kusan kilomita 2, kuma bai yi amai ba. Abin da akan samu shi ne ƙananan girgiza idan ana tura ruwa ƙasa, shi ya sa ake sa ido. Babbar matsalar kuɗi ce. Haƙar tana da tsada matuƙa, kuma kana iya gama rijiya ka tarar ba ta da tururin kirki.

Baban_Khadija:
A ƙara da ma'adinai. Ruwan zafin da Injiniya ya ambata shi ne yake narkar da ƙarafa a cikin dutse ya tara su wuri guda a tsawon zamani. Chile ta fi kowace ƙasa haƙar tagulla, kuma manyan mahaƙanta suna kan jerin tsaunukan Andes ne, a saiwar tsofaffin duwatsu masu aman wuta. Zinariya da azurfa da yawa haka suka taru. Daiman kuwa can ƙasa da kilomita 150 yake samuwa, ba mai iya haƙa ya kai can. Wani irin amai ne na can zamanin baya ya cillo shi sama, kamar yadda aka gano a Kimbali ta Afirka ta Kudu. Wayar lantarkin da take cikin bangon ɗakinka tana da alaƙa da dutse mai aman wuta ko ba ka taɓa ganin sa ba.

Baƙon_Jawa:
Yaya Baban_Khadija, ka tuna mini da Ijen, a gabashin Jawa. Can mutane suke sauka cikin bakin dutsen su fasa farar wuta da ƙarfe, su loda a kwanduna biyu da aka haɗa da gora, su saɓa a kafaɗa su hauro. Kaya ɗaya yakan kai kilo 70 zuwa 90. Hayaƙin yana shaƙe maƙogwaro, wasu tsumma kawai suke cusawa a baki. Na ga kafaɗunsu, duk sun yi kanta. Masu yawon buɗe ido suna zuwa da tsakar dare don su ga shuɗiyar wutar da take ci a wurin, su kuma suna wucewa ta gefensu da kayansu. Amfani ne, ba musu, da shi suke ciyar da iyali. Amma in ana lissafin alherin dutse a riƙa tuna wanda yake ɗauko shi a kafaɗa.

Uwar_Biyu:
Allah sarki. Wannan ya taɓa mini zuciya.

Sarkin_Yaƙi01:
Ni kuma na ji an ce amai ɗaya na dutse ya fi duk hayaƙin motoci da masana'antun duniya. In haka ne ai su ne suke jawo ɗumamar yanayi, ba mutane ba. Wane amfani kuma ga muhalli?

Malamin_Kimiyya:
Wannan magana tana yawo sosai amma ba ta da tushe, Sarkin_Yaƙi. Duk duwatsun duniya, na tudu da na ƙarƙashin teku, iskar kabon da suke fitarwa a shekara ba ta kai tan biliyan 1 ba. Mu mutane, daga ƙona fetur da gas da kwal kaɗai, muna fitar da sama da tan biliyan 35.

Hasali ma babban amai sanyaya duniya yake yi na ɗan lokaci. Pinatubo na Filifin a 1991 ya cilla miliyoyin tan na iskar farar wuta can ƙololuwar sama, ta zama wani siririn hazo da yake mayar da hasken rana. Zafin duniya ya ragu da kusan rabin digiri har wajen shekara biyu. Sannan baƙin dutsen da suke bari, yayin da yake rududdugewa yana zuƙe kabon daga iska a hankali. A Aisland har an fara narkar da iskar a ruwa ana tura ta cikin irin wannan dutse, kafin shekara biyu mafi yawanta ta zama dutse ita ma. Masana kuma suna ganin wani kaso babba na iskar da ta lulluɓe duniya tun farko, da tururin da ya zama ruwa, ta wannan hanya suka fito daga cikin ƙasa.

Manomi_Gaskiya:
Sanyin ma ba abin murna ba ne kullum, Malam. Dutsen Tambora na Indonesiya ya yi amai a 1815, shekarar da ta biyo baya ƙanƙara ta faɗi a Arewacin Amurka a tsakiyar lokacin zafi, amfanin gona ya lalace a Turai, aka shiga yunwa. Mutanen da ba su taɓa jin sunan dutsen ba su suka kwana da yunwarsa.

Dattijon_Arziki:
'Ya'yana, muhawararku ta yi daɗi. Duk wanda Allah ya kai shi Madina ya ga baƙaƙen duwatsun da suka kewaye ta, waɗanda ake kira Harra. Narkakken dutse ne da ya daskare. Malaman tarihi sun rubuta cewa a shekara ta 654 bayan Hijira, wato 1256, wuta ta fito daga ƙasa a kusa da birnin, ta yi makonni tana gudu kamar kogi, har ta tsaya kafin ta iso shi. Ina kawo wannan ne don mu san abin ba na wasu mutane can nesa ba ne. Kuma ni a fahimtata, Allah bai halicci wani abu a banza ba. Namu shi ne mu nemi sanin hikimar, mu kuma kauce wa cutarwar.

Malamin_Kimiyya:
Allah ya ƙara girma, Baba. Ka kuma tuna mini da ruwa. Irin wannan dutse yana da tsagogi da ƙofofi, yana shanye ruwan sama ya adana a ƙasa ya riƙa saki ta maɓuɓɓuga. Dogayen cikinsu kuma suna tare gajimare. Kogin Tana, mafi tsawo a Kenya, wani sashen ruwansa daga Dutsen Kenya yake gangarowa, shi kuwa tsohon dutse mai aman wuta ne da ya mutu.

Magini_Na_Ƙwarai:
A fagenmu na gini ma suna da suna. Rumawan zamanin baya sukan haɗa tokar dutse ta yankin Pozzuoli na Italiya da ƙonanniyar farar ƙasa su yi kankare, har a cikin ruwan teku yana kamawa. Ƙubbar ginin Pantiyon a birnin Rum faɗinta mita 43, babu rodi ko ɗaya a cikinta, ta kusa shekara 1900 tana tsaye. Wajen ƙololuwarta sun sa dutse mai sakayau don rage nauyi, irin wanda ake goge kaushi da shi, shi ma kumfar amai ce da ta daskare. Har yau kamfanonin siminti suna gauraya irin wannan toka.

Likitar_Gobe:
Ba wanda ya kawo asibiti. Gwajin PCR da aka yi ta yi lokacin korona, sinadarin da yake sa shi aiki daga wata ƙwayar bakteriya aka samo, wadda Thomas Brock ya gano a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka cikin shekarun 1960. Gwajin yana buƙatar a riƙa zafafa samfur ana sanyayawa sau da yawa, sinadarin sauran halittu lalacewa yake yi, nata kuwa ya saba da zafi. Yellowstone ɗin kanta bakin wani ƙaton dutse mai aman wuta ne.

Gimbiya22:
Ikon Allah! Wannan ban taɓa ji ba.

Uwar_Biyu:
Na gode muku ƙwarai, na ƙaru. Na yarda akwai amfani, kuma ya fi yadda na zata yawa. Amma har yanzu ina kan rabin maganata. Lantarki, tagulla, siminti, gwajin asibiti, duk duniya ce take ci. Mutuwar kuwa ta mutanen gindin dutse ce su kaɗai, kuma galibinsu talakawa. A Kamaru tafkin Nyos, wanda yake cikin bakin tsohon dutse, ya saki iska a dare ɗaya a 1986 ya kashe sama da mutum 1,700 da dabbobinsu, da yawa a cikin barci. Su wane kaso suka samu?

Injiniya_MB:
Hajiya, ba ni da amsar da za ta share wannan hawayen. Abin da zan ce shi ne, yawan mutuwar ba a hannun dutsen kaɗai yake ba. A 1985 Nevado del Ruiz na Kolombiya ya yi amai wanda ba shi da girma sosai, ya narkar da ƙanƙarar kansa, laka ta gangaro ta binne garin Armero, mutum wajen 23,000 suka rasu. Lakar ta ɗauki sama da awa biyu kafin ta iso, kuma akwai taswirar da ta nuna garin yana cikin haɗari. Ba a kwashe su ba ne. Bayan shekara shida Pinatubo ya yi amai wanda ya ninka wancan nesa, amma masana sun ga alamu, an kwashe dubun dubatar mutane kafin ranar, waɗanda suka mutu ɗaruruwa ne. Dutse yakan yi gargaɗi: ƙasa tana girgiza, jikinsa yana kumbura, iskar da yake fitarwa tana canzawa. Na'urar aunawa da mai kula da ita da hanyar gudu da hukumar da jama'a suka yarda da ita, su ne suke raba waɗannan labarai biyu. Nyos ma tun 2001 aka fara kafa bututun da yake fitar da iskar kaɗan-kaɗan.

Manomi_Gaskiya:
Na'ura tana ceton rai, ba ta ceton gona. Wanda aka kwashe ya dawo ya tarar da fa a inda masararsa take, wa zai ba shi wata? Nan ne nake tare da Hajiya.

Sarkin_Yaƙi01:
To ai sai gwamnatoci su hana zama kusa da su gaba ɗaya a huta.

Baƙon_Jawa:
A kai su ina, ɗan'uwa? Ɗaruruwan miliyoyin mutane ake magana. Birnin Napoli na Italiya yana gindin Besubiyas, dutsen da ya binne garin Pompei a shekara ta 79 Miladiyya. A Jawa an sha ba mutane gidaje a wuri mai nisa, wasu su karɓa su riƙa kwana a can, da asuba su hau babur su koma gonarsu ta kan dutse, don ciyawar shanunsu tana can.

Ɗan_Tauraro:
Kafin a tashi, wanda bai san La Geria ba ya nemi hotonta. A tsibirin Lanzarote take, na Sifaniya. Daga 1730 zuwa 1736 duwatsu suka yi ta amai suka binne gonaki da ƙauyuka da baƙar tsakuwa. Manoman da suka rage suka gano cewa tsakuwar tana hana danshi gudu, a wurin da ruwan sama bai taka kara ya karya ba. Sai su haƙa rami mai faɗi har su taɓo tsohuwar ƙasa, su dasa inabi ɗaya a tsakiya, su kewaye gefen da iska take bugowa da ɗan bangon dutse. Dubban ramuka haka, har yau ana girbi ba tare da ban-ruwa ba.

Gimbiya22:
Malam Manomi, wannan dabarar ta tsakuwa za ta yi aiki a kowace busasshiyar ƙasa, ko sai irin tasu?

Manomi_Gaskiya:
Rufe ƙasa da tsakuwa yana rage ƙafewar danshi a ko'ina. Amma tasu tana da ƙananan ƙofofi kuma ba ta da nauyi, ruwa yana ratsa ta nan take ya sauka ƙasa maimakon ya gudu, ga kuma danshin teku da yake sauka musu da dare. Tsakuwar kogi mai santsi ba za ta yi daidai da ita ba, kuma in aka zuba baƙa a wuri mai tsananin rana ba tare da kauri ba tana iya dafa saiwar shuka. A fara gwadawa a kan bishiya biyu ko uku tukuna.